Fuskar Ustaz Shafik

"Ɗaga masa haɓa," in ji Ra'id. "Lamis, ɗaga masa haɓar mana. Ba ki ga na'urar ba ta ganin idonsa ba?"

Lamis ta sa yatsu biyu a ƙarƙashin haɓar surukinta ta ɗaga. Yawu ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace, ya jiƙa mata hannu. A allon kwamfutar, wani koren zagaye yana jiran fuska, an rubuta a ƙarƙashinsa: ƙifta ido sau biyu.

"Baba, ƙifta," in ji Mu'taz, mijinta, ya sunkuyo daidai kunnen tsohon. "Ƙifta ido kawai. Yauwa. Ƙara ɗaya."

Ustaz Shafik ya ƙifta. Zagayen ya juya, ya yi ƙara, takardar harajin wani mai sayar da kayan gini ta wuce. Ra'id ya tafa hannu kamar an ci ƙwallo, ya ce a kawo ta gaba.

Shekara talatin da huɗu ke nan allon da ke ƙofar wannan ofis, a hawa na biyu, saman shagon mai falafel, ƙosan Larabawa, a birnin Irbid na ƙasar Jordan, yana ɗauke da sunan Ustaz Shafik, akanta mai lasisi. Shi kaɗai ke da lasisin. Babban ɗansa Ra'id ya zauna jarrabawar sau uku ya faɗi, ƙaramin Mu'taz ko zama bai taɓa yi ba. Lamis ce ke shigar da lissafin mutane a na'ura tun da aka auro ta gidan. Manhajar da ofishin ke aiki da ita kuwa ba ta sakin takarda sai ta ga fuskar mai lasisi a gaban wannan kwamfutar, ba wata ba. A watan Fabrairu ɓarin jikin Ustaz na dama ya shanye, maganarsa ta tafi. Wa'adin miƙa takardun haraji ƙarshen Afrilu ne, kuma mutum ɗari uku da wani abu suka kawo nasu.

Likita ya ce a riƙa kai shi gashin ƙashi sau uku a mako, ya ce watannin farko su ne komai, in aka bar su suka wuce hannun da ƙafar ba za su dawo ba. An kai shi sau biyu.

"Bayan Afrilu," in ji Ra'id. "Wallahi ranar ɗaya ga Mayu ni da kaina zan kai shi Amman wurin babban likita. Yanzu in ofis ya rushe, da me za a biya gashin?"

Makon farko kullum da safe suke ɗauko shi daga gida, su biyun su ciccibe shi da kujerarsa su hau matakala arba'in da biyu. A mako na biyu Mu'taz ya fara kukan ciwon baya. Ra'id ya ce ai hawa da saukar nan wahalar da Baba take yi, jijjiga ba ta da kyau ga mai irin ciwonsa. Sai aka matsar da akwatunan takardu a ɗakin ajiya na bayan ofis, aka shimfiɗa katifa tsakanin kabad biyu na ƙarfe. Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar kafa can sama. Aka ce 'ya'yan za su riƙa kwana da shi bi da bi. Mu'taz ya kwana sau uku. Ra'id ya kwana sau ɗaya, ya ce ƙurar takardu na tayar masa da mura.

Daga nan Lamis ce ke buɗe ƙofar da ƙarfe bakwai na safe. Tun daga matakala take jin warin. Ta kan tarar da shi ya zame daga kan katifar, kuncinsa a kan siminti, kunzugun da aka ɗaura masa ya cika ya zubo. Idonsa a buɗe, yana kallon ƙofar. Ranar farko da ta kai hannu za ta cire masa wando, ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya, ya juya fuska bango. Mutumin da ko gilashinsa ba ya bari ta goge masa, wanda bai taɓa fitowa falo ba tare da ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa ba.

"Baffa, ka yi haƙuri," ta ce. "Rufe ido zan yi."

Ba ta rufe ba, don ba a wanke mutum ido a rufe. Ta wanke shi da ruwan butar shayi, ta sauya masa kaya, ta ba shi burodi jiƙe a madara da cokali. Da Mu'taz ya iso da ƙarfe tara, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Wannan aikinka ne, ba nawa ba. Mahaifinka ne. Kunya yake ji."

"Ke kin fi iyawa," ya ce, yana duba wayarsa. "Ni zuciyata ba ta iya ɗauka. In na gan shi haka sai in ji kamar zan yi amai."

"To a ɗauko mai jinya."

"Kin san nawa suke karɓa? Dinari ɗari huɗu. Kuma baƙo ya shigo ya ga abin da ake ciki, ya fita ya faɗa, a ƙwace lasisin? Ki yi magana da Yaya."

Ta yi magana da Yaya Ra'id. Ya saurare ta yana kurɓar shayi, ya ce Allah ya saka mata, ladan da take samu ko su 'ya'yan cikinsa ba su samu ba. Matarsa kuwa ta aiko da tukunyar miyar adas, wani irin ƙananan wake, sau ɗaya, da saƙon cewa ita ba ta iya hawa bene saboda gwiwa.

Aiki bai tsaya ba. Mutane na shigowa da jakunkunan leda cike da rasit, kowa da tambayarsa. Wannan yana son sanin ko kuɗin makarantar 'yarsa zai rage masa haraji, wancan ya yi hayar shago bai karɓi takarda ba, wata bazawara ta kawo takardun mijinta da ya rasu ba ta san ta ina za a fara ba. Lamis na amsawa, tana bugawa, tana tara waɗanda suka kammala. In sun kai goma sai a rufe ƙofar waje a ce ana sallah, a turo tsohon gaban kwamfuta.

Wata Laraba Abu Ziyad mai tayoyi ya zo da rasit na asibitin mahaifiyarsa, an yi mata aikin ƙugu.

"Waɗannan suna shiga, Ustaz Ra'id? Ko sai na mata da 'ya'ya kawai? In ba sa shiga ba komai, ai ba don haraji na yi ba."

"Za mu duba maka," in ji Ra'id, ya dafa ƙirji. "Allah ya yi maka albarka, Abu Ziyad. Yanzu mutane nawa ne ke kula da iyaye haka? Zamani ya lalace. Sai ka ga mutum da mota da bene, uwarsa na tsugune a lungu."

Daga ɗakin baya aka ji ƙwanƙwasa. Ƙwas. Ƙwas. Cokali ne a jikin kabad. Haka Ustaz Shafik ke kira in yana son ruwa ko an juya shi.

"Mene ne wannan?" in ji Abu Ziyad.

"Famfo ne. Ginin nan ya tsufa," in ji Ra'id.

"Ina Ustaz babba? Na ji an ce bai ji daɗi ba."

"Ya samu sauƙi sosai. Yana gona a Ajlun, cikin zaitun, yana shan iska. Mun hana shi aiki, amma ka san shi, kullum sai ya bugo ya tambayi takardar kowa."

"Allah sarki. Shi ya cike wa mahaifina takarda tun ina yaro. Ka gaishe shi."

Lamis na zaune tana bugawa. Ta ji ƙwanƙwasar ta ci gaba, ta rage ƙarfi, ta tsaya. Ba ta tashi ba sai da Abu Ziyad ya gama shan shayinsa ya sauka.

Ranar goma ga Afrilu manhajar ta sabunta kanta. Da suka turo shi, zagayen ya ƙi yin kore. Yanzu ƙifta ido bai isa ba, sai an juya kai hagu, a juya dama. Kuma da zarar ta ga hannun wani a kusa da fuskar sai ta rubuta: mutum ɗaya kawai a gaban kyamara. Wuyan tsohon ba ya juyawa dama. Sau biyar suna gwadawa, a na shida ta kulle su na awa guda.

Ra'id ya kira kamfanin da ya sayar musu da manhajar, ya sa wayar a fili. Wata yarinya mai sanyin murya ta amsa.

"'Yar'uwa, wannan wane irin wulaƙanci ne? Saura kwana ashirin, ku ɓata mana abu?"

"Don kariyarku ne, yallaɓai. An samu masu amfani da hoton wasu. Mai lasisin yana kusa? Ya yi magana da ni in taimaka masa."

"Yana banɗaki."

"To ku gaya masa ya zauna inda akwai haske, ya saki fuskarsa, ya juya a hankali."

Ra'id ya kashe wayar ya zage ta, ya zagi kamfanin, ya zagi wanda ya ƙirƙiro kwamfuta. Mu'taz ne ya samo dabara. Ya tsuguna bayan kujerar inda kyamara ba ta ganinsa, ya cusa yatsu cikin furfurar ƙeyar mahaifinsa, ya murɗa kan dama. Tsohon ya yi wani gurnani. Zagayen ya yi kore.

"Kai, Mu'taz!" Ra'id ya fashe da dariya. "Ashe akwai ƙwaƙwalwa a kan nan."

Kowace takarda murɗa ɗaya. Wata rana ashirin, wata rana talatin. Suka ɗauko fitilar tebur suka haska masa a fuska har idonsa na zubar da ruwa. Da suka lura maganin rana na sa shi gyangyaɗi, Ra'id ya ce a mayar da shi sai bayan an tashi aiki. Da yake bayan an tashi aiki kowa na saurin tafiya, sau da yawa ƙwayar na kwana a kan kabad. Lamis ta fara tsintar gashi a kafaɗar rigarsa. A ƙugunsa wani jan tabo ya fito, ya yi baƙi, ya buɗe. Ta saya masa man shafawa da kuɗinta. Ya fara tari in ya sha ruwa.

Hankalinsa kuwa yana nan. Lamis ta tabbatar da haka ranar da aka zo kan takardar wani ɗan kwangila, abokin Ra'id. Ita ta shigar da abin da mutumin ya samu a shekara, dinari dubu casa'in da shida. Da aka buɗe takardar a gaban tsohon sai ta ga dubu talatin da shida. Ustaz Shafik ya ƙura wa allon ido. Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya nuna lambar. Sannan ya rufe idonsa gam.

"Baba, buɗe ido," in ji Ra'id.

Bai buɗe ba.

"Baba, kowa haka yake yi. Mutumin nan dinari ɗari biyar ya ƙara mana. Kuɗin maganinka ke nan."

Ya ƙara matse idon, har fatar goshinsa ta tattare.

"Yaya Ra'id," in ji Lamis, "da sunansa za ta tafi. In aka bincika shi za a kama."

"Wa zai kai mai shanyewar jiki kotu? Ai ya fi kowa tsira." Ya mari kuncin tsohon a hankali, mari irin na tashin mai barci, sau biyu, sau uku. Na huɗun ba na tashin barci ba ne. "Taurin kai har a kan keke. Shekara talatin da huɗu kana gaskiya, me ka tara mana? Ofishin haya?"

Ya ɗebi ruwa a kofi ya watsa masa. Idon ya buɗe don firgita, ya ƙifta, ya ƙifta. Mu'taz ya murɗa. Takardar ta wuce.

Lamis ta shiga banɗaki ta tsaya a gaban famfo. Abin da ya fi damunta ba marin ba ne. Ita ta danna maɓallin aikawa. Yatsanta ya saba, ya danna tun kafin ta yi tunani. Ta wanke hannu da sabulu sau biyu, ta fito ta zauna, ta ɗauki fayil na gaba.

A gida ta ce wa Mu'taz ba za ta ƙara ba.

"To ki zauna," ya ce. "Ki zauna mu ga wa zai biya haya da makarantar yara. Kwana tara ya rage, Lamis. Tara. Kina tsammani ni daɗi nake ji? Ubana ne fa, ba naki ba."

Washegari ta je. Ta gaya wa kanta in ba ta je ba babu mai wanke shi.

Ranar talatin ga wata ta buɗe ɗakin ta tarar da jikinsa kamar an ciro shi daga tanda. Numfashinsa na fita da ƙara, kamar ana jan ruwa da tsinke a ƙasan kofi. Leɓensa ya bushe ya tsage. Ta kira Ra'id a waya.

"Saura nawa?" ya tambaya.

"Me?"

"Takardun. Saura nawa?"

"Ashirin da uku. Yaya, asibiti za a kai shi yanzu."

"Awa biyu ne. In ba su tafi yau ba tara za ta hau kan mutane, su kuma su hau kanmu. Ki ba shi maganin zazzaɓi, ina zuwa."

Ba awa biyu ba ne. Duk garin ranar suke aikawa, na'urar na ɗaukar minti goma kafin ta buɗe shafi ɗaya. Sau biyu ta yanke a tsakiya aka sake daga farko. Suka ɗaure tsohon a jikin kujerar da mayafin Lamis don kada ya kife. Kansa na faɗuwa gaba, Mu'taz na jawo shi ta gashi. Ra'id ya jiƙa tawul yana goga masa a ido. Aka yi azahar. Mai falafel ya aiko da abinci, 'yan'uwan suka ci a tsaye. Lamis na kallon agogo, tana kallon ƙirjin tsohon, tana dannawa. Sha biyu. Sha biyar. Sha tara.

Ana kiran la'asar idon ya daina ƙiftawa. A buɗe yake rabi, baƙin ya haura sama. Ra'id ya tafa hannu a gaban fuskar, ya hura masa iska.

Lamis ta tashi ta fita kan matakala ta kira motar asibiti.

Mutum biyu suka hau da gadon ɗauka. Babban cikinsu, mai furfura a gemu, ya kwance mayafin, ya ɗaga rigar, ya ga ƙugun. Ya leƙa ɗakin baya ya ga katifar da bokiti. Ya dawo ya tsaya.

"Tsohon nan yana da 'ya'ya?"



"Ga su nan," in ji Lamis.

Mutumin ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Suna ɗaga shi Ra'id ya matso ya rage murya.

"Ɗan'uwa, huɗu suka rage. Minti goma kacal. In ka sa masa abin numfashin nan ya ɗan farfaɗo..."

"Matsa min daga hanya," in ji mutumin, "kafin in manta ina cikin kayan aiki."

Kwana uku ya yi a asibiti. Likitar ta ce ruwa da abinci sun daɗe suna zubewa cikin huhunsa, ciwon ƙugun kuma ya shiga jini. Ta tambayi yaushe zazzaɓin ya fara. Ra'id ya ce da rana, suna gani suka kira mota. Ranar Juma'a da hantsi Ustaz Shafik ya cika.

Makokin ya yi kyau, kowa ya faɗa. An kafa babbar rumfa a titi, an jera kujeru ɗari uku, masu zuba gahawa sanye da fararen kaya. Raguna shida aka yanka don mansaf, shinkafa da naman da ake ciyar da baƙi. Ra'id na tsaye a bakin rumfa idonsa jajur, mutane na rungumarsa suna cewa Allah ya ba shi ladan ɗawainiya. Abin da aka kashe a kwana ukun nan zai biya mai jinya shekara guda da rabi. Lamis ce ta san haka, don ita aka ba rasit ɗin ta ajiye.

A rana ta uku tana kicin tana wanke kofuna Mu'taz ya shigo da sauri, fuskarsa a sake karo na farko cikin wata biyu.

"A zuba faranti na musamman, a sa tsokar kafaɗa mai laushi. Yaya ya ce."

"Na wa?"

Ya ja ta zuwa taga. A sahun gaba na rumfar wani tsoho ne siriri riƙe da sanda, kunnensa da abin ji, rigarsa ta yi masa yawa. Ra'id na durƙushe a gabansa yana gyara masa matashi.

"Ustaz Burhan. Tare suka yi makaranta da Baba. Ya rufe ofishinsa shekara biyar, amma bai bar lasisinsa ya mutu ba. 'Ya'yansa duk suna Kanada, daga shi sai matarsa." Ya yi ƙasa da murya. "Yaya zai ba shi dinari ɗari da hamsin a wata. Ba abin da zai yi. Zama kawai."

Lamis ta dubi mijinta. Ya yi aski, ya sa turare, a yatsansa zoben azurfar mahaifinsa. Ta ajiye kofin da ke hannunta ba ta ɗauraye shi ba. Ta goge hannu a jikin baƙar rigarta, ta wuce shi ta shiga falon mata.

An cika, ana ta jan carbi da hirar tsadar tumatir. Ta tambaya aka nuna mata matar Ustaz Burhan, wata 'yar tsohuwa a kusurwa da jaka a cinya. Lamis ta durƙusa a gabanta. Matar Ra'id na zaune kujera biyu daga nan, ta daina magana.

"Inna, ki tashi ki ɗauki mijinki ku tafi gida."

"Lafiya, 'yata? Ai ba a ci abinci ba."

"Kada ku ci. Zan gaya miki inda Baffa ya kwana wata biyu, da wanda ya riƙe masa kai a gaban kwamfuta, da wanda ya danna maɓalli. Ni ce na danna. In na gama, ki je ki kira shi."

Ba ta rage murya ba. Carbin da ke falon suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, Lamis ta fara labarin daga matakalar ofis.